Yadda kyamara ke ganin haske, da yadda za ka ɗauki hawan sallah a Katsina ba tare da hoto ya ƙone ba

Hotunan hawan sallah da ke lalacewa kusan duk ciwonsu uku ne. Ko dai farar babbar riga ta fito fat, ba a ganin aikin wuyanta, fuskar mai ita kuma ta nutse cikin inuwar rawani. Ko dokin da ya taho a sukwane ya fito kamar an shafe shi da hannu. Ko kuma sararin sama ya zo da ɗige-ɗige baƙaƙe, a wuri guda cikin kowane hoto. Mai kyamara yakan ɗora wa na'ura laifi ya fara tarin kuɗin sabuwa, alhali kyamara ba ta san sarki ba, ba ta san doki ba. Haske kawai take aunawa, kuma an gina awon nata a kan wani zato da ranar Katsina ke yawan karyawa. Wanda ya gane wannan zaton zai fi mai tsadar kaya fitar da hoto.

Fara da kwali da allura

Kafin ka taɓa maɓallin kowace kyamara, haɗa wannan. Nemi kwali mai tsawon kamar santimita 30. A gefe ɗaya ka yanke 'yar taga mai faɗin santimita 3, ka lulluɓe ta da takardar alminiyam irin ta naɗe abinci, ka huda tsakiyarta da allura, hudar da ba ta wuce milimita 1 ba. Ɗaya gefen ka yanke shi gaba ɗaya, ka liƙa farar takarda da aka shafa wa ɗan man gyaɗa har haske yana ratsa ta. Toshe duk wata kafa da baƙin salatif. Sai ka yafa baƙin mayafi ya rufe kanka da gefen takardar, ka juya hudar ta fuskanci wani abu da rana ke dukansa.

Idan ka tsaya mita 30 daga Hasumiyar Gobarau, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 15, za ka gan ta a kan takardar da tsawon santimita 15, kanta a ƙasa, gindinta a sama. Dalili shi ne haske miƙe yake tafiya: wanda ya taso daga kan hasumiyar ya bi ta huda sai ya sauka a ƙasan takarda, na gindinta kuma ya haura sama. Siffar za ta fito dishi-dishi. Faɗaɗa hudar zuwa milimita 4, za ta ƙara haske amma gefunanta su narke. Wannan cinikin, tsakanin yawan haske da kaifin siffa, shi ne har yau ake yi a cikin kowace kyamara.

Malamin da ya yi wa wannan al'amari bayani mai hujja shi ne Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira. A littafinsa Kitabul Manazir, wanda ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, ya kafa hujjar cewa haske ne ke shigowa ido daga abubuwa, ba ido ne ke aika wani abu waje ba, ya kuma gwada haka da fitilu da ɗaki mai duhu. Daga baya a Turai aka sa gilashi mai kumburi a madadin hudar, domin gilashi yana tattaro haske mai yawa ya haɗe shi a ɗigo ɗaya. Kwalinka, a lissafin masu hoto, yana kan f/300 ne. Gilashin da aka buɗe a f/8 yana shigo da hasken da ya ninka wannan fiye da sau dubu.

Yadda aka kama siffar ta zauna

Ganin siffa a bango tsohon abu ne. Wahalar ita ce riƙe ta. Bafaranshe Nicéphore Niépce ya shafa wani irin kwalta a farantin ƙarfe, ya ajiye shi a tagar gidansa a 1826 ko 1827, haske ya yi aƙalla awa 8 yana cinsa kafin rufin gine-gine ya bayyana. Abokin aikinsa Louis Daguerre ya koma ga farantin da aka shafe da azurfa, ya rage jiran zuwa mintoci, gwamnatin Faransa kuma ta bayyana hanyar ga duniya ranar 19 ga Agusta 1839. Sai dai hoton Daguerre ɗaya ne tilo, ba ya haihuwa. Henry Fox Talbot na Ingila ne ya zo da dodon hoto, wanda fari ke fitowa baƙi, baƙi kuma fari, a riƙa wanke kwafi daga jikinsa iya son rai. Ya yi rajistar hanyarsa a 1841.

Masu sha'awar dawaki suna da rabo a wannan tarihi. A 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa a Kalifoniya, dokin da kansa yana tayar da su ɗaya bayan ɗaya, aka ga abin da ido bai taɓa kamawa ba: akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke sama, kuma lokacin da suka tattaru a ƙarƙashin ciki ne, ba lokacin da suka miƙe ba kamar yadda masu zane suka saba yi.

George Eastman ya fito da Kodak a 1888, akwati mai fim na hoto 100. Leica ta Jamus ta sa fim mai milimita 35 ya zama gama-gari daga 1925. Sana'ar ta iso ƙasar nan da wuri: Jonathan Adagogo Green na Bonny yana ɗaukar hoto tun shekarun 1890. Sai a 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro sensa ta CCD, faifan lantarki mai kama haske a madadin fim, a Amurka, a 1975 kuma injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko mai ɗige 10,000 kacal, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. Kamfanin nasa bai yi saurin bin abin da ya ƙirƙiro ba, ya shiga fatara a 2012.

Abin da ke faruwa idan ka danna

Haske yana ratsa jerin gilasai. A tsakiyarsu akwai wasu siraran ganyayyakin ƙarfe da ke tsukewa ko buɗewa, su ne ƙofar haske. Bayansu akwai labule, wanda masu sana'a ke kira shota, yana buɗewa na ɗan wani lokaci ya rufe. A bayan labulen sensa take, faifan silikon ne mai miliyoyin ƙananan ramuka, kowane rami yana mayar da hasken da ya faɗa masa cajin lantarki, sai a auna cajin a mayar da shi lamba. Kyamara mai megafiksel 24 tana da ramuka 6,000 a kwance, 4,000 a tsaye.

Ka ɗauka kwanuka ne aka jera a tsakar gida ana tarar ruwan sama. Faɗin ƙofar haske shi ne ƙarfin zubar ruwan, labule shi ne tsawon lokacin da aka bar kwanukan a waje. Kwanon da ya sami ɗigo biyu-uku ba a iya auna shi daidai, daga nan ne tsakuwa-tsakuwar da kake gani a hoton dare take fitowa. Kwanon da ya cika ya tumbatsa kuwa ba wanda zai iya faɗa maka nawa ya zube. Farar rigar da ta ƙone ke nan, kuma babu manhajar da za ta dawo da aikin wuyanta, domin ba a taɓa rubuta shi ba.

Ramukan ba su ganin launi. An rufe kowanne da matacin launi guda, rabi kore, kwata ja, kwata shuɗi, bisa tsarin da Bryce Bayer na Kodak ya yi wa rajista a 1976. Kwakwalwar kyamara ce ke duba maƙwabta ta ƙiyasta sauran launukan biyu. Fayil ɗin RAW yana adana awon nan ɗanye, da matakan haske 4,096 ko 16,384 a kowane rami. JPEG kuwa dafaffe ne, matakai 256 a kowane launi, an riga an zubar da saura.

Girman sensa ya fi yawan megafiksel muhimmanci. Cikakkiyar sensa milimita 36 ce da 24. Ta APS-C, wadda ke cikin mafi yawan Canon da Nikon na hannu da ake samu a kasuwa, kusan 23 da 15 ce. Ta wayoyi da yawa ba ta kai girman farcen ƙaramin yatsa ba.

Lambobi uku da za ka haddace

Ƙofar haske ana ƙirga ta haka: f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Duk taku ɗaya gaba yana raba hasken biyu, wato babbar lamba ƙaramar ƙofa. Labule kuma 1/60, 1/125, 1/250, 1/500, 1/1000, 1/2000 na daƙiƙa, nan ma kowane taku rabi ne. ISO 100, 200, 400, 800, 1600 ba ya ƙara haske ko kaɗan, ƙara wa siginar murya kawai yake yi, ya ƙara har da tsakuwar da ke ciki. Taku ɗaya a kowanne cikin ukun daidai yake da taku ɗaya a sauran, shi ya sa ake musanya su.

A rana tsantsa, ISO 100, waɗannan duk haske ɗaya suke bayarwa: f/16 da 1/125, f/11 da 1/250, f/8 da 1/500, f/5.6 da 1/1000. Idan hazon hunturu ya rufe rana ka buɗe taku ɗaya, in ya yi kauri taku biyu. A inuwar bedi ko bakin zaure, taku uku zuwa huɗu.

Abin da ke bambanta su shi ne motsi da zurfi. Doki a sukuwa yana cin kamar mita 12 a daƙiƙa. A 1/125 ya matsa kusan santimita 10 kafin labule ya rufe, hoton ya shafe ke nan. A 1/1000 santimita ɗaya da 'yan kai, a 1/2000 rabin haka. Kofato da bakin mashi sun fi jikin dokin sauri, don haka 1/2000 ne abin dogaro wajen jafi. Zurfi kuwa, da gilashi mai milimita 200 a kan APS-C, an saita a mita 20, f/8 tana ba ka kusan mita 3 da za su fito tas, f/4 kuma mita ɗaya da rabi. Mahaya huɗu a jere ba za su shiga mita ɗaya da rabi ba. To in kana son f/8 tare da 1/2000 a rana, ISO 400 za ka sa, kuma a kowace kyamarar shekaru goma da suka wuce ISO 400 tsaf yake.

Inda awon kyamara ke kuskure

Nan ne ya kamata a daɗe. Ma'aunin hasken kyamara yana zaton duk abin da ke gabansa, in aka gauraya shi, toka-toka ne mai mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Idan farar shadda ta cika hoton sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, rigar ta fito ruwan toka, fuska ta yi baƙi ƙirin. Idan baƙin doki ko duhun zaure ne ya cika hoton sai ya ƙara, farin rawani ya ƙone.

Farar riga tana mayar da hasken da ya ninka na fatar baƙin mutum sau da dama, tazarar takan kai taku uku ko da rana ɗaya ce ke dukansu. Sai kuma matsayin rana. Katsina tana kan kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, rana tana wucewa daidai bisa kai a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, sauran watannin ma da hantsi ya ɗaga tana sama sosai. Rawani da malafa sai su jefa fuska cikin inuwa, a ƙara wasu taku biyu ko uku. Hawa kuma ba ya jiran yamma, bayan saukowa daga idi ake yinsa. Matsalar ma tsohuwa ce: tun zamanin fim, katin da ɗakunan wankin hoto ke daidaita launi da shi hoton Baturiya ne, an daɗe kafin a fara lissafi da baƙar fata.

Ga yadda ake bi. Da farko ka sa kyamara a RAW, ko RAW da JPEG tare. Na biyu, kunna gargaɗin ƙonewa, wanda ke sa duk inda ya tumbatsa ya riƙa ƙyaftawa a allon baya. Kada ka yarda da hasken allon kansa a rana, ƙarya yake yi, jadawalin haske za ka duba, wato zanen tudu mai nuna duhu a hagu, haske a dama: in tudun ya jingina da bangon dama, an ƙone. Na uku, juya zuwa M, yanayin da kai ke saita komai da hannunka, ka sa f/8, 1/2000, ISO 400, ka gwada a kan wani mai farar riga da ke tsaye a rana. In rigar tana ƙyaftawa, rage ISO kashi ɗaya cikin uku na taku, ka sake, har ƙyaftawar ta tsaya a 'yan wurare ƙanana kamar ƙyallin takobi. Ka bar shi a nan. Muddin rana ba ta sauya ba, awon ba zai sauya ba, ko farin doki ne ya shigo ko baƙi. Fuskokin za su ɗan yi duhu, a kwamfuta za ka ɗago su da taku ɗaya zuwa biyu, RAW yana jure wannan. Amfanin M ke nan a filin hawa: a S ko Tv, inda kai ke zaɓar labule kyamara ta zaɓi ƙofar haske, awon yana tsalle duk lokacin da laima ko hayaƙin 'yan bindiga ya shigo.

Launi ma kada ka bar wa kyamara. Sa ma'aunin fari a alamar rana, kusan 5,200K. In ka bar shi a kan kansa, jajayen rigunan dogarai suna ruɗa shi, hoto ɗaya ya fito da shuɗi-shuɗi, na kusa da shi da rawaya. Ja kuma shi ne launin da ke fara tumbatsa, don haka in kyamararka tana nuna jadawalin launuka uku, na jan za ka fi sa wa ido.

Hoton mutum ɗaya, kamar ango ko hakimi kafin ya hau, ya fi sauƙi domin kana iya motsa shi. Kai shi bakin inuwa, fuskarsa tana kallon fili, kada ka sa shi ƙarƙashin bishiyar da rana ke ratsa ganyenta ta yi masa dabbare-dabbare. Wani ya riƙe farin kwali mai faɗin mita ɗaya daidai ƙirjinsa, a ɗan karkace, ya mayar da haske ƙarƙashin rawani. In filasha za ka sa a rana, labule kada ya wuce 1/200 ko 1/250, gwargwadon kyamararka, in ba haka ba baƙin layi zai yanke gefen hoton, domin labulen bai gama buɗewa ba filashar ta tashi. ISO 100, f/11, ƙarfin filasha a rage shi taku ɗaya. Kada ka haska filasha a fuskar doki.

Jajibiri da ranar hawa

Tun jajibiri ka caja batir biyu ko uku. Kyamara marar madubi, wadda ke nuna maka abin da sensa ke gani a allo, takan ba da hoto 300 zuwa 400 a caji ɗaya, mai madubi, wadda madubin cikinta ke kai haske idonka, ta ninka haka. Kwafe abin da ke kan katin mamori, ka share shi daga cikin kyamarar, ba a kwamfuta ba. RAW na megafiksel 24 yana cin kamar megabait 25 zuwa 30, kati mai gigabait 64 zai ɗauki hoto kusan 2,000. Nemi mai alamar U3 ko V30, alamar saurin rubutu ce. Katin jabu ya yi yawa, yana nuna 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar hoto har ya cika sannan ya riƙa cinye na farko. Manhajar H2testw tana cika kati ta sake karantawa, ta tona asirinsa. Kati biyu masu 32 sun fi ɗaya mai 64.

Gilashi ɗaya za ka ɗaura tun daga gida, ka bar shi. Mai 70 zuwa 200 ko 55 zuwa 250 ya isa filin Kangiwa da gaban Ƙofar Soro. Hoton taro mai faɗi, waya ta yi maka.

Je da wuri ka zaɓi wurin da rana za ta kasance bayan kafaɗarka ko gefenka. Gaida dogarai da jami'an tsaro, ka tsaya inda suka nuna maka. Saitin gani ka sa shi a AF-C, ko AI Servo a Canon, wato mai bin abin da ke motsi, da ɗigo ɗaya ko ƙaramin rukuni, ka ɗora a fuskar mahayi ko ƙirjin doki. Ƙura da hayaƙin bindiga suna sa gilashi ya yi ta kai da komo yana neman abin kamawa. In haka ta faru, saita a kan wata alama a ƙasa inda dawakin za su bi, ka kashe saitin kai-da-kai, ka danna suna dab da isowa. Doki yana ratsa waɗannan mita ukun cikin kwatan daƙiƙa, don haka ka harba hoto huɗu zuwa shida a jere ka saki. Wanda ya danne maɓalli bai saki ba, ma'ajiyar wucin gadi za ta cika, kyamara ta tsaya tana rubutu daidai lokacin da mahaya suka ja linzami suka ɗaga hannu, wanda shi ne hoton.

Gilashi mai jawo nesa yana ɓata lissafin tazara, dokin da kake gani cikin kyamara ba ka san ko ya iso ba. Bar idonka na hagu a buɗe. In kyamararka tana da labulen lantarki marar ƙara, kashe shi wajen sukuwa: yana karanta sensa layi-layi daga sama zuwa ƙasa, sai mashi ya fito a lanƙwashe. Ga mai son gwada gwaninta, sauke labule zuwa 1/60, f/22, ISO 100, ka bi dokin da kyamara kana juyawa daga ƙugu, ka danna ba tare da ka tsaya ba. Mahayi zai fito, jama'ar baya su zama zane. Mafi yawansu za su lalace, kada ka gwada a kan tawagar sarki.

Mata da yara a gefen hanya, a nemi izini. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi yana buƙatar izinin hukuma a Najeriya, kuma ƙararsa tana firgita dawaki.

In an koma walima a ɗakin taro da daddare ka ga ratsi-ratsi a kwance cikin hoto, fitilun ne ke ƙyaftawa da bugun wutar lantarki, wadda a ƙasar nan 50 ce a daƙiƙa. Sa labule a 1/50 ko 1/100. In janareta ne, bugunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai ka gwada ka duba.

Mai waya

Waya tana rufe ƙanƙantar sensarta da lissafi. Danna ɗaya, hotuna da yawa take ɗauka masu haske daban-daban ta haɗe su, shi ya sa take iya riƙe farar riga da fuska tare, kuma shi ya sa abu mai gudu yakan fito da inuwa biyu. Wadda aka rubuta wa megafiksel 48 tana haɗe ramuka huɗu su zama ɗaya ta ba ka 12, mai 108 takan haɗe tara. Goge gilashin da farko, maiƙon yatsa ne ke sa fitilu su yi jela. Taɓa fuskar mutum a allo ka riƙe har saitin ya kulle, ka ja alamar rana ƙasa kaɗan. Tsaya a 1x, 2x ko 3x da wayar ke da gilashinsu, jawowa da yatsu biyu yankan hoto ne kawai. Kashe gyaran fata, yana mayar da mutum kamar an shafa masa hoda. Yanayin da ke dusar da baya kuma ƙiyasi ne, yakan cinye gashin jimina na kwalkwali da bakin mashi. Don sukuwa, shiga yanayin Pro ka sa 1/1000 da kanka.

Ƙura, zafi, damina

Ƙaramar sallah tana matsowa baya da kwana 11 kowace shekara, zuwa 2030 za ta faɗo a farkon Fabrairu, cikin hunturu. Ƙura za ta ƙaru ke nan. Don gane ko ta hau sensa, sa f/22 ka ɗauki sararin sama ko farin bango, ka buɗe hoton a kwamfuta. Ɗigon da ke wuri ɗaya a kowane hoto a kan sensa yake. Shiga ɗaki ka kashe fanka, ka cire gilashi, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka hura da ɗan famfon roba sau biyar ko shida ba tare da bakinsa ya taɓa komai ba. Kada ka hura da baki, yawu ya fi ƙura wuyar fita. In ɗigon ya ƙi tashi, akwai sandunan goge sensa masu daidai faɗinta, ɗigo biyu na ruwansu, shafa ɗaya zuwa, ɗaya dawowa da ɗaya gefen, a jefar. Gilashin gaba ma a fara hure shi kafin a goge, domin ƙurar hunturu yashi ce, gogewa da bakin riga karce shi yake yi.

A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada a bar kyamara cikin mota a rufe. Da damina kuma, fitowa daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa waje yana sa raɓa ta kwanta cikin gilashi: saka ta a leda ka ɗaure, ka ba ta minti 20 zuwa 30. Danshi yana haifar da fumfuna mai kama da saƙar gizo a cikin gilashi, maganinsa roba mai murfi da ƙullin silika. In za ka sayi kyamara ta hannu, haska tocila ta cikin gilashin ka nemi wannan saƙar, ka kuma duba adadin bugun labule, domin na ƙananan kyamarori an ƙiyasta masa kusan 100,000.

Wajen wanki, ana son ɗige 300 a kowane inci. Hoto mai inci 5 da 7 yana buƙatar 1,500 da 2,100, megafiksel 24 kuma ta kai inci 20 da 13. WhatsApp yana matse hoto, a tura wa mai wanki a matsayin fayil.

Inda abin ya dosa

Tun 2018 da Canon da Nikon suka fito da sababbin tsare-tsarensu marasa madubi, can ƙarfin masana'antar ya koma. Ribar mai koyo ita ce masu madubi na hannu da gilasansu suna ta araha, kuma a rana irin tamu ba su gaza komai ba. Sababbin suna gane idon mutum, wasu har doki, su bi shi da kansu. A 2023 Sony ta sanar da a9 III, wadda ke karanta sensa gaba ɗaya lokaci guda, mashi ba zai ƙara lanƙwashewa ba.

Babbar tambayar da ke tafe ita ce ta gaskiyar hoto. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna zana hawan da ba a taɓa yi ba, da mahaya da laima da komai. A 2021 Adobe da Microsoft da BBC da wasu suka kafa tsarin C2PA, wanda ke sa wa hoto hatimin lantarki mai nuna na'urar da ta ɗauke shi da gyaran da aka yi masa, Leica M11-P ta 2023 ce kyamarar farko da ta zo da shi. Kafin wannan ya iso hannun kowa, shaidar mai hoto ita ce fayil ɗinsa na RAW da jerin hotunan da suka zo kafinsa da bayansa. Don haka ka daidaita kwanan wata da agogon kyamara, ka rubuta sunanka a gurbin mai haƙƙin mallaka da ke cikin saitinta, ka ajiye kwafi biyu a na'urori daban-daban da na uku a intanet. Sunan kowace jaka ya ɗauki shekara, wata, rana da wurin, sannan a rubuta sarautar hakiman da ke ciki tun ana tune da wanda ya biyo wa.